Malaman Firamare Sun Gaji: Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da malaman makarantun firamare suke ciki a karkara. Na san wasiƙar ta yi tsawo, a yi mini haƙuri, abin ne da yawa, wai mutuwa ta shiga kasuwa.

Ni dai ba ɗan boko ba ne, iyakacina firamare. Da damina ina gona, da rani kuma ina zaune a tiredata ta bakin kasuwar garinmu, ina sayar da sukari da gishiri da omo da garin kwaki da ashana da sauran tarkace. To mai tambaya zai ce ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa mai tireda da maganar malamai? Abin da ya haɗa mu shi ne littafin bashi. Duk mai tireda a ƙauye yana da shi, kuma in ka buɗe nawa, sunayen da suka fi yawa a ciki na malaman makaranta ne. Daga wannan littafi nake gane lokacin da aka yi albashi da lokacin da aka yi jinkiri, tun kafin rediyo ya faɗa.

Akwai wani malami a makarantar garinmu, ba zan kama sunansa ba don kada in tona masa asiri. Ya kusa shekara 20 yana koyarwa, 'ya'yana uku duk ta hannunsa suka bi. Mutum ne da a da shi yake fara buɗe makaranta, shi yake ƙarshen tashi, kuma yaron da bai zo ba har gida yake bin sa. Bara, wata rana bayan magariba, ya zo ya zauna a bencin tiredata, ya ce in auna masa garin kwaki rabin kwano in rubuta. Na auna na rubuta. Sai ya yi shiru can, sannan ya ce, "Mai tireda, ni fa na gaji." Na ce, "Malam, ai aiki sai da gajiya, ka je ka kwanta." Ya ce, "Ba irin wannan ba ce. In na kwanta barci ba ya zuwa. In gari ya waye na tuna da makaranta sai gabana ya faɗi. Yau wani yaro ya kasa haɗa baƙi da wasali, na zane shi har sai da na ji kunyar kaina, ni da ko tsawa ba na son yi wa yaro." Daga nan ya gaya mini ƙanensa ya samo masa a-daidaita-sahu a birni, yana shawarar ya ajiye alli ya tafi.

Wallahi Malam Edita, daren nan ni ma ban yi barcin kirki ba. Na yi ta lissafi, in wannan mutum ya tafi, wa zai koya wa autana karatu? Tun daga ranar na fara kasa kunne ga duk wata magana da ta shafi malamai, a rediyo da jarida da bakin su malaman, ga kuma abin da na fahimta.

Ashe wannan gajiya da Malam yake faɗa ba lalaci ba ne, ba kuma shagwaɓa ba ce. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da aiki yake jawo wa mutum idan wahalarsa ta daɗe ba a yi maganinta ba. Ta ce alamunta uku ne. Na farko ƙarfin mutum ya ƙare sarai. Na biyu aikin ya fita daga ransa, ya riƙa jin haushinsa da na mutanen da yake yi wa aikin. Na uku ya daina iya aikin kamar yadda ya saba. Da na ji wannan bayani sai na ce, kai, ai Malam suke siffantawa. Mu manoma ma ai mun san abin a wata siga. Gonar da ake nomawa kowace shekara ba taki ba hutu, wata rana ko ka zuba iri sai dai ka girbe ƙuduji. Sa na huɗa kuwa in ka ɗaura masa garma tun asuba har la'asar ba dusa ba harawa ba kanwa, wata rana zai durƙushe a tsakiyar kunya, ko ka karya sanda a gadon bayansa ba zai tashi ba. Ba wanda zai ce san nan malalaci ne. To me ya sa in malami ya durƙushe sai mu ce lalaci ne?

Ruwa ba ya tsami banza. A ganina abubuwa huɗu ne suka taru suka danne malamin firamare.

Na farko shi ne aljihu. A shekarar 2019 aka sa albashi mafi ƙanƙanta Naira 30,000. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. Kowa ya san abin da ya biyo baya a kasuwa, ni da nake awo na fi kowa sani. A watan Yuli 2024 aka mai da albashi mafi ƙanƙanta Naira 70,000. To amma malamin firamare shi ne kullum a ƙarshen layi, saboda albashinsa daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. Ku dubi Abuja kanta, inda gwamnati take zaune. A shekarar 2025 malaman firamare na can sun shafe fiye da wata 3 suna yajin aiki, daga Maris har Yuli, a kan a biya su wannan sabon albashi da haƙƙoƙinsu da suka maƙale. In a gindin murhu ana jin sanyi, ina ga wanda yake bayan gari?

Wannan ciwo kuwa tsoho ne. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar kula da ilmin firamare ta ƙasa domin albashin malamai ya daidaita. A 1991 aka rushe ta aka miƙa makarantun ga ƙananan hukumomi, abin ya dagule, har aka sake dawo da ita a 1993. A waɗannan shekaru nake firamare, kuma na tuna yadda muke zuwa makaranta mu yi ta wasan langa har rana ta take mu dawo gida saboda malamai suna yajin aiki. Shi ya sa da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mutane da yawa suka yi murna, amma malamai suka riƙe baki. Ƙungiyarsu ta NUT ta daɗe tana cewa kada a bar albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na biyu shi ne yawan yara. Tun da aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976, sannan UBE a 1999, ake ta kiran iyaye su kai yara makaranta, kuma alhamdu lillahi an kai. Amma an ƙara yara, ba a ƙara malamai da azuzuwa daidai da su ba. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare. A makarantar garinmu na leƙa da idona, aji ɗaya ya haura yara 100, rabinsu a ƙasa, rufin kwano ya yaye ta gefe guda. In malami ɗaya ya yi rashin lafiya sai a haɗa aji biyu a ba ɗaya. Jama'a, tsakani da Allah, mu da muke da yara bakwai ko takwas a gida, in suka dame mu ba korarsu waje muke yi ba? To shi malami ina zai kora su? A watan Yuni 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi saboda lalacewar makarantu. Kuma ƙarancin malamai ba a nan kaɗai yake ba. Hukumar UNESCO ta ce duniya tana bukatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin shekarar 2030, miliyan 15 daga ciki a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Ke nan duk malamin da ya ajiye alli, samun madadinsa ba abu ne mai sauƙi ba.

Na uku shi ne tsoro. Ƙungiyar malamai ta ce daga 2009 zuwa 2015 Boko Haram ta kashe malamai 611, wasu 19,000 kuma suka bar wuraren aikinsu. Bayan haka 'yan bindiga suka ɗora daga nan. An kwashi ɗalibai a Ƙanƙara a Disamba 2020. A Kagara, cikin Fabrairu 2021, har da ma'aikatan makaranta da iyalansu aka haɗa. A wannan wata aka kwashi 'yan mata a Jangebe. A Maris 2024 aka yi na Kuriga. A Nuwamba 2025 kuma aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Jihar Kebbi, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. In an yi irin wannan kowa yana jajanta wa iyaye, kuma ya kamata, amma ba kasafai ake tuna malamin da zai koma aji washegari ba, yana rubutu a allo kunnensa yana waje yana sauraron ƙarar babura. Mutumin da yake aiki da irin wannan fargaba shekara da shekaru, yaya zuciyarsa ba za ta gaji ba?

Na huɗu, wanda a ganina ya fi ciwo, shi ne raini, kuma wannan laifinmu ne mu jama'a. Ku tuna fa, Sardauna Ahmadu Bello malamin makaranta ne a Sakkwato kafin ya shiga mulki. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru. Alhaji Shehu Shagari shi ma da alli ya fara. A wancan zamani in malami ya shigo gari, tabarmarsa kusa da ta mai gari take. Yau fa? Yau in saurayi ya zo neman aure aka ce malamin firamare ne sai ka ga an fara kallon juna. In ya zo cin bashi mu ja masa rai a gaban yaran da yake koyarwa. In ya hori yaro, uban ya taho makaranta da zage-zage. In yaro ya ci jarrabawa mu ce ɗanmu haziƙi ne, in ya faɗi mu ce malamai ba sa aiki. Haba jama'a! Yunwa ana iya jure ta, amma yunwa da wulaƙanci in suka haɗu, ko dutse ne sai ya tsage.

Ba na mance cewa gwamnati ta yi wasu abubuwa. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, da ƙara shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, shekarun aiki daga 35 zuwa 40. A 2022 aka sa hannu a dokar ƙarin shekarun. To amma albashin na musamman, malaman da suke zama a bencina sun ce ba su gan shi a aljihu ba. Ni kuwa a ɗan tunanina, ka ƙara wa jaki nisan tafiya ba ka rage masa kaya ba, ba ka ƙara masa dusa ba, ai ba gata ka yi masa ba.

Na san wani zai ce, mai tireda kana kare malamai, alhali akwai waɗanda ba sa zuwa aiki sai ranar albashi, akwai kuma waɗanda su kansu ba su iya karatun ba. Wannan gaskiya ce, ba na musu. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, aka sallame su. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan yadda aka yi abin, amma ba wanda zai ce babu bara-gurbi a cikin malamai. Sai dai a lura da abu guda. Wanda aka ɗauka aiki ta hanyar siyasa, ba ya zuwa makaranta, wannan ba ya gajiya, don ba abin da yake yi. Mai gajiya shi ne na kirkin, wanda yake ɗaukar ajinsa ya haɗa da na wanda bai zo ba. Wato in muka yi sakaci, na kirkin ne za su ƙare, a bar mu da bara-gurbin. Wannan shi ne abin tsoron.

To mene ne abin yi? Jiran gwamnati kaɗai ba zai fisshe mu ba, domin kafin ta juyo ta kanmu yaron da yake aji ɗaya ya yi gemu. Ina da shawara ga malamai, ina kuma da shawara gare mu.

Ya ku malamai, ku gafarce ni, ɗalibinku ne yake magana. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na lura da yawanku kuna fita ba ku karya ba, ku wuni a tsaye kuna ɗaga murya cikin ƙurar alli, ko ruwa ba ku sha. Ko kunu ne a sha kafin a fita, a kuma riƙa tafiya da gorar ruwa. A riƙa leƙa asibitin sha-ka-tafi a auna hawan jini, domin shi ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. A guji ƙwayoyin nan na ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a tebur, ƙarfin aro ne, biyansa da tsada. A ware rana ɗaya a mako wadda ba makin takarda ba lissafin bashi, a zauna da iyali, a ziyarci 'yan'uwa. Hutun zango kuma a same shi ya zama hutu ko na 'yan kwanaki ne. A yi hattara da bashin banki da ake cirewa daga albashi, na ga wanda wata yake ƙarewa abin da ya rage masa ko buhun masara ba zai saya ba. Gara adashi tsakaninku, da ɗan kiwo ko 'yar gona, amma ba a lokacin aji ba.

Babba daga ciki, kada ku bar abu a ciki. Mu maza muna da wannan hali na cewa namiji ba ya kuka, sai ciwo ya ci mutum ya gama. Malamin da na ba ku labari ya gaya mini ranar da ya amayar da abin da yake ransa a bencina, ranar ya fara samun barci. Ku malaman makaranta ɗaya ku riƙa zama ko sau ɗaya a mako, ba don hedimasta ya karanta takardar ofis ba, a'a, don kowa ya faɗi abin da yake damunsa, wanda ya ga ɗan'uwansa ya fara yawan fushi ko yawan shiru ya ja shi gefe. In kuwa rashin barci da baƙin ciki suka ƙi tafiya, ko mutum ya fara jin rayuwar ma ta ishe shi, to a je a ga likita ba tare da ɓata lokaci ba. Ba sai mutum ya fita tsirara ake cewa yana bukatar likita ba, kuma ba abin kunya ba ne.

Amma in faɗi gaskiya, ka ce wa mai jin yunwa ya kula da kansa, ka tsaya a nan, ai kamar ka ce wa wanda ya faɗa rijiya ya yi ƙoƙari ya fito ne. Sai an jefa masa igiya. Igiyar kuwa a hannunmu take, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku dubi yadda kakanninmu suka riƙe malaman allo ba tare da ko kwabon gwamnati ba. Akwai kuɗin Laraba. Akwai gayya a gonar malam. In an yi girbi a kai masa dami. In yaro ya yi sauka a kai masa abin da ya sawwaƙa. Sannan ga hutun Alhamis da Juma'a, malam ya huta, almajiri ya huta. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Hukumar Lafiya ta Duniya ba sun gane cewa mai koyarwa in ba a tallafe shi ba zai karye. Me ya hana mu yi wa malamin boko ko rabin haka, alhali 'ya'yan namu dai su ne a gabansa?

Ga abin da muka gwada a garinmu, ba don mun fi kowa ba, sai don wani ya ɗauka ya gyara. Na je na sami mai gari na ce, "Ranka ya daɗe, malamin nan in ya tafi mun shiga uku." Ya kira liman da hedimasta da 'yan kwamitin iyayen yara da na kula da makaranta, aka zauna a ƙofar fada. Aka yanke abubuwa kamar haka. Da damina samari su yi gayya rana ɗaya a gonar kowane malami, noman fari da maimai. Malamai biyu da suke zuwa daga nesa a kan babur, kuɗin mai yana cinye musu albashi, aka ba su ɗaki a gidan wani dattijo kyauta, suna kwana daga Litinin zuwa Alhamis. Magina da kafintan gari suka gyara rufin ajin nan, mu 'yan kasuwa muka haɗa kuɗin kwano da ƙusa. Wasu samari biyu da suka gama sakandare suna zaune ba aiki suka yarda su riƙa taimaka wa malaman ƙananan azuzuwa wajen tsare yara da duba rubutu, ana ɗan ba su na sabulu. Aka kuma kafa doka, duk uban da yake da ƙorafi a kan malami ya kai wa hedimasta ko kwamiti, ba a yarda kowa ya shiga makaranta ya ci mutuncin malami a gaban yara ba.

Mu masu tireda da masu awo kuma muka yi alkawari tsakaninmu. Malami in ya ci bashi ba za mu ƙara masa farashi ba, ba za mu aika yaro ya bi shi bashi a makaranta ba, kuma in an yi jinkirin albashi za mu jira. Ni ma ba mai kuɗi ba ne, jarina bai taka kara ya karya ba, kuma akwai watan da abin ya matse ni sosai har na kasa sarin sukari. Amma na auna na ga asarar da zan yi in ɗana ya tashi bai iya karanta takardar asibiti ko lissafin awo ba ta fi wannan nesa ba kusa ba.

Kada kuma a mance da malamai mata, su nauyinsu biyu ne. Akwai wata malama a makarantarmu da take zuwa da goyo, ta tashi tun asuba ta yi girki ta ɗebo ruwa, ta wuni a aji, ta koma ta hura wuta. Matan unguwa ne suka shirya tsakaninsu, wata tsohuwa da take maƙwabtaka da makaranta take riƙe mata yaron har a tashi. Ku mazajen malamai mata, ku ji tsoron Allah, albashin nan da ake kawowa gida da gumi ake samo shi, a rage musu aikin gida, kada kuma a ƙwace ɗan abin da suka samo.

Sai dai akwai gargaɗi guda uku. Kada taimako ya zama toshiyar baki, wato don na ba ka kwanon gero sai ka ba ɗana na ɗaya. Shi ya sa ya fi kyau komai ya bi ta hannun kwamiti. Kada kuma a mai da shi haraji a kan yara, har a kori ɗan talaka daga aji don ubansa bai kawo ba, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, wanda ba shi da kuɗi yana da fartanya. Sannan kada gwamnati ta ga muna yi ta naɗe hannu. Gayya ba albashi ba ce. Haƙƙin gwamnati yana nan a wuyanta: ta biya albashi a kan kari, ta biya ƙarin girma da kuɗin hutu, ta biya fansho da garatuti tun mutum yana da haƙoran cin abinsa, ta ɗauki sababbin malamai bisa cancanta, ta ba wanda aka tura ƙauye alawus na musamman, ta kuma tsare makarantu. Mu kuma in 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a, maimakon mu karɓi taliya da atamfa mu yi shiru, mu tambayi kansila da ciyaman da ɗan majalisa malamai nawa za su kawo mana, kuma yaushe.

Game da Malam kuwa, bai tafi ba. Ba zan ce ya warke sarai ba, har yanzu sunansa yana cikin littafina, kuma ajinsa bai ragu ba. Amma ranar da aka yi gayya a gonarsa, ya ga yaran da ya koyar shekaru 15 da suka wuce sun jeru da fartanyoyi, sai da ya juya baya ya share ido. Ya ce mini, "Mai tireda, da na ɗauka ba wanda ya san ina yi." Sai dai kafin mu farga, wani matashin malami mai ƙoƙari ya riga ya bar mu ya tafi birni sayar da kayan waya, har yau kuma ba a turo madadinsa ba. Da mun motsa da wuri, wataƙila da yana nan.

Saboda haka ina kira ga masu gari da limamai da 'yan kasuwa da manoma 'yan'uwana, kowa ya leƙa makarantar garinsu a wannan mako. Ba sai ka je da komai ba. Ka yi sallama, ka gai da malami, ka ce masa sannu da aiki, ka tambaye shi abin da ya fi damunsa, sannan ku koma ku zauna ku ga abin da za ku iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In na yi kuskure a gafarce ni, iyakar abin da malamaina suka koya mini ke nan, Allah ya saka musu da alheri, waɗanda suka rasu ya ji ƙansu. Allah ya ƙara wa jaridarmu farin jini, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalam. Naku mai karatu kullum,

Manomi mai tireda,
daga karkarar Kano.